Murjani Mai Laushi: Dabbar Teku da ke Kare Kanta da Sinadarai

Darasin wannan karo zai kai mu ƙarƙashin teku. Mun sani cewa yawancinmu a nan Kibiya babu ruwan da muka taɓa gani da ya wuce dam ɗin Tiga girma, kuma daga nan zuwa bakin teku a Legas tafiyar kusan kilomita 1,000 ce a mota. Amma a yi haƙuri a karanta har ƙarshe, za a ga cewa abin da ke faruwa a can ƙasan ruwa yana faruwa a bayan ajinmu, a jikin darbejiya da tunfafiya.

Murjanin da muka sani

Kalmar murjani ba baƙuwa ba ce. Duk wanda ya yi karatun allo ya ji ta a cikin Suratur Rahman, inda aka ambace ta tare da lu'ulu'u. Iyayenmu mata kuma sun san ta a wuyan amare da cikin kayan lefe. A tambayi kaka a gida, za ta iya bambanta murjani na asali da na roba ko na gilashi da suka cika kasuwa yanzu.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, murjani na asali ƙashin wata dabba ce. Masana suna kiranta Corallium rubrum, tana zaune a Bahar Rum, manne da duwatsun ƙarƙashin ruwa. Girmanta a hankali yake, kaurin reshenta ba ya ƙaruwa da milimita ɗaya a shekara. Garin Torre del Greco na ƙasar Italiya ya daɗe da yin suna wajen sassaƙa shi. A zamanin fataucin raƙuma, irin waɗannan kayan ado suna cikin abin da ke ƙetaro hamada daga Arewacin Afirka zuwa kasuwannin ƙasar Hausa.

Wannan jan murjani yana da 'yan uwa da yawa a teku, kuma galibinsu ba su da ƙashi mai tauri irin nasa. Su ake kira murjani mai laushi, su ne kuma jigon darasinmu.

Dabba ce, ba tsiro ba

Wanda ya ga hoton murjani mai laushi zai rantse tsiro ne. Wani kamar reshen bishiya, wani kamar maficin kaba, wani kamar laimar kwaɗi, wani kuma kamar yatsun hannu. Akwai ja, akwai ruwan ɗorawa, akwai ruwan hoda. To amma dabba ne, kuma ba guda ɗaya ba. Taro ne na ɗaruruwa ko dubban ƙananan dabbobi da suka haɗa jiki ɗaya suna zaune tare.

'Yan ajin SS1 za su tuna da haidira da muka zana a darasin Bayoloji, 'yar dabbar nan mai jiki kamar jaka, baki a sama, da hannuwa kewaye da bakin. Kowace ɗaya daga cikin ƙananan dabbobin murjani haka siffarta take, domin danginsu ɗaya. Hanyar gane mai laushi kuwa ita ce ƙirga hannuwa. Nasa takwas ne cif, kowanne da 'yan gashi a gefe kamar gashin tsuntsu. Murjani mai dutse, wanda ke gina manyan tsaunukan alli a ƙarƙashin ruwa, nasa shida ne ko ninkin shida. Dangin masu hannu takwas sun haura iri 3,000, kuma ana samun su tun daga ruwa mai ɗumi irin na Bahar Maliya, wanda alhazanmu ke ƙetarawa kafin su sauka Jidda, har zuwa ruwa mai sanyi da zurfi inda haske ba ya kaiwa.

Wanda ba ya iya gudu, da me zai kare kansa?

Mu tsaya mu yi tunani a kan wannan tambaya, domin a kanta darasin duka ya tsaya. Zomo yana da gudu. Kunkuru yana da ƙwarya. Bushiya tana da ƙaya. Murjani mai dutse yana shigewa cikin gidansa na alli idan ya ji motsi. Shi kuwa mai laushi yana manne wuri guda har mutuwa, jikinsa tsoka ce a fili, ga kifaye masu yunwa suna kai da komo a kansa dare da rana. Abin da yake da shi mai tauri kawai wasu 'yan ƙananan allurai ne na alli da ke warwatse cikin naman jikinsa. Duk da haka kifaye ba su cika taɓa shi ba.

Dalili shi ne jikinsa cike yake da sinadarai masu ɗaci ko masu dafi. Masana sun gwada wannan ta hanya mai sauƙi. Suka tatso ruwan jikin murjanin, suka cuɗa shi da abincin da kifi ke so, suka jefa. Kifin ya cafke, ya ɗanɗana, ya tofar. Abincin da ba a cuɗa ba kuwa ya haɗiye.

Aikin waɗannan sinadarai bai tsaya a korar maciya ba. Wasu suna hana ƙwayoyin cuta da gansakuka zama a jikin dabbar. Wasu kuma ana sakinsu cikin ruwa don su tsumburar da maƙwabcin da ke neman ƙwace wuri ko tare haske. Irin waɗannan su ake kira sinadarai masu tasiri a jikin mai rai, wato waɗanda in suka shiga jikin wata halitta sai sun sauya wani abu a cikinsa, ko su kashe, ko su kwantar, ko su hana girma.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Akwai wani dodon koɗi fari sol, dangin wuri, mai suna Ovula ovum, wanda abincinsa ke nan. Yana cin murjanin da dafinsa, sannan ya sauya sinadarin a cikin cikinsa ya koma wanda ƙarfin dafinsa ya ragu.

Tubalin da ake ginin da shi

Yawancin sinadaran murjani mai laushi daga gida ɗaya suka fito, gidan da ake kira tarfin. Fahimtarsa ba wuya ga wanda ya fara darasin kabon a Kemistiri. A ɗauka akwai tubali guda mai ƙwayar kabon biyar. In aka haɗa tubali biyu, an sami kabon 10, kuma irin wannan ne ke ba da ƙanshin da ke fesowa idan aka matse ɓawon lemo. In aka haɗa uku, kabon 15, kuma daga wannan rukuni ne atimisinin ya fito, sinadarin da ke cikin maganin zazzaɓin cizon sauro da ake ba mu a asibiti. Wata masaniya 'yar ƙasar Sin, Tu Youyou, ita da abokan aikinta ne suka ciro shi daga wani ganye dangin tazargade a 1972, aka kuma ba ta kyautar Nobel a 2015. In aka haɗa tubali huɗu, kabon 20, nan ne murjani mai laushi ya fi ƙwarewa.

Daga cikin masu kabon 20 akwai waɗanda 14 daga ƙwayoyin kabon ɗinsu suka riƙe hannun juna suka yi zobe. Ana kiransu sambaran. A 1974 masu bincike sun ciro ɗaya daga cikinsu, mai suna sarkofin, daga murjanin Sarcophyton glaucum na Bahar Maliya, suka kuma tarar yana kashe kifi.

Wannan zobe mai kabon 14 ba a teku kaɗai yake ba. Bishiyar hano, wadda wasu ke kira ararraɓi, da ke fitowa a wurare masu duwatsu a Arewa, ita ma tana yin sinadari mai irin wannan zobe. Sunansa insensol, kuma masana 'yan Najeriya sun ciro shi daga ɓawonta. Bishiya a kan dutse da dabba a ƙasan teku ba su taɓa haɗuwa ba, amma matsalarsu ɗaya ce, dukkansu ba sa iya gudu, sai ga shi sun yi makami da tubali iri ɗaya. Haka darbejiya take. Sinadarin da ke cikin 'ya'yanta, wanda aka fara cirowa a Ingila a 1968, yana hana ƙwari ci, shi ya sa manomi ke neman ta idan zai adana wake.

Labarai uku daga teku

Na farko ya faru a 1969. Masana biyu na Jami'ar Oklahoma a Amurka, Weinheimer da Spraggins, suna binciken wani murjani na tekun Karebiyan mai suna Plexaura homomalla, sai suka ci karo da furostagilandin. Wannan sinadari ne da jikin ɗan Adam ma yake yi, yana da hannu a naƙuda da kumburi da jin zafi, amma ɗan mitsitsi jikinmu ke yi, don haka a lokacin samunsa don bincike yana da tsada ƙwarai. A jikin wannan murjani kuwa ya haura kashi ɗaya cikin ɗari na nauyin busasshen jikin. Kamfanin magunguna na Upjohn ya yi amfani da shi na wasu shekaru, har zuwa lokacin da haɗa sinadarin a masana'anta ya yi sauƙi. Maganin da ake rubuta sunansa Misoprostol a jikin kwali, wanda ma'aikatan lafiya ke amfani da shi don tsayar da zubar jini bayan haihuwa, ɗan wannan gida ne. Ba daga murjani ake yin sa ba, a masana'anta ake haɗa shi, amma murjani ya taimaki binciken gidan nasu a lokacin da ake cikin ƙaranci.

Na biyu a 1986 ne. William Fenical na Cibiyar Nazarin Teku ta Scripps da ke Kalifoniya, shi da abokan aikinsa, suka bayyana wasu sinadarai da suka kira sudotarosin, daga wani murjani mai kama da gashin tsuntsu a tsibiran Bahamas. Aikinsu rage kumburi da raɗaɗi. Kamfanin Estée Lauder ya sa su cikin man shafawa na fata. Masu nutso a Bahamas sukan yanke rassan murjanin su bar gindin, bayan wani lokaci ya sake tofowa, kamar yadda ake yi wa zogale.

Na uku shi ne ya fi koyar da darasi. A 1997 rukunin Fenical ya wallafa bayanin wani sinadari, elutarobin, da aka samu a wani murjani daga gaɓar yammacin Ostareliya. Don gane aikinsa sai mu tuna da rabuwar ƙwayar halitta. Kafin ƙwaya ɗaya ta zama biyu, takan shimfiɗa wasu siraran zaruruwa da ke jan kayan gado zuwa ɓangare biyu, in an gama sai zaruruwan su warware. Elutarobin yana sandarar da su, su kasa warwarewa, sai ƙwayar ta kasa rabuwa ta mutu. Tunda ciwon daji rabuwar ƙwayoyi ce ba tsayawa, masana suka yi murna, musamman da yake haka Taxol yake aiki, maganin ciwon daji da aka samo daga ɓawon wata bishiya.

Sai matsala ta taso. Sinadarin ɗan kaɗan ne a jikin dabbar, dabbar kuma ba ta da yawa, haɗa shi a ɗakin gwaji yana bin matakai masu yawa da tsada. Ba a iya tara abin da zai isa a yi cikakken gwaji ba. Aka shafe shekara 25 a haka. A 2022 ne rukunin Eric Schmidt na Jami'ar Utah ya gano ƙwayoyin gadon da ke ɗauke da umarnin fara ƙera sinadarin a jikin murjanin kansa. Suka ɗauki umarnin suka sa cikin bakteriya, ita kuwa ta fara yin matakan farko na aikin. Har yanzu elutarobin bai zama maganin da likita ke rubutawa ba, amma an ga hanyar samunsa ba tare da an kwashe dabbar daga teku ba.

Yadda ake ciro sinadari

Matakan ba su yi nisa da abin da muke gani a gida ba, bambancin yana wajen awo da tacewa.

1. A ɗebo samfur kaɗan, a rubuta wuri da rana, a tabbatar da sunan halittar.
2. A daskarar ko a busar, sannan a niƙa.
3. A jiƙa garin cikin ruwan sinadari irin su metanol, kamar yadda ake jiƙo.
4. A tace, a bar ruwan ya tashi, a sami wani abu mai danƙo wanda ya ƙunshi sinadarai masu yawa a gauraye.
5. A rarraba su ɗaya bayan ɗaya ta hanyar kuromatogirafi, wato a bar su su bi ta cikin wani gari ko takarda, masu saurin tafiya su yi gaba, masu nauyin ƙafa su tsaya baya.
6. A gwada kowane kaso a kan ƙwayoyin cuta ko ƙwayoyin ciwon daji da aka raina a faranti.
7. Wanda ya yi aiki, a gano siffarsa da na'urori, sannan a fara doguwar hanyar gwaji a jikin dabbobi, daga baya mutane.

Mataki na bakwai kaɗai yakan ci fiye da shekara goma, kuma mafi yawan sinadaran a nan suke faɗuwa. Amma akwai waɗanda suka kai. Daga halittun teku an sami maganin ciwo mai tsanani da aka samo daga dafin wani dodon koɗi, wanda aka amince da shi a Amurka a 2004, da maganin ciwon dajin nono da aka kwaikwayo daga sinadarin wani soson teku, wanda aka amince da shi a 2010.

Tsakanin dafi da magani

Sunan garinmu ma yana da abin da zai koya mana a nan. Maharban ƙasar Hausa na da suna dafa 'ya'yan kwankwani su shafa wa kibiya, domin dafinsa yana tsayar da zuciyar dabba. Maharban wasu sassan Afirka ma suna amfani da 'yan uwan wannan tsiro. Wani likita a birnin Edinbara, Thomas Fraser, ya yi nazarin irin wannan dafi, kuma a 1885 ya gabatar da shi a matsayin maganin ciwon zuciya. Sinadarin bai sauya ba. Abin da ya sauya shi ne an tace shi, an san adadin da ke ƙarfafa bugun zuciya da adadin da ke tsayar da ita.

Saboda haka a kiyaye abu biyu. Na ɗaya, cewa abu daga daji ko daga teku ya fito ba ya nufin ba shi da illa. Halittar ta yi shi ne don ta cutar da mai cin ta. Ruwan tunfafiya ma in ya shiga ido kowa ya san abin da yake yi. Na biyu, in aka ji an ce wani sinadari ya kashe ƙwayoyin ciwon daji a ɗakin gwaji, wannan mataki na shida ne kawai. Ruwan batir ma zai kashe su a faranti. Tambayar ita ce ko zai kashe cutar ya bar majinyacin da ransa. Duk wanda ya zo kasuwa da lasifika yana tallar kwalba ɗaya mai maganin cuta arba'in, a tambaye shi adadin da za a sha, da wanda ya gwada, da lambar NAFDAC. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Abin da za mu iya rasawa

Murjani da yawa suna zaune da wata 'yar gansakuka a cikin naman jikinsu, tana yi musu abinci da hasken rana. In ruwan teku ya yi zafi fiye da ƙima na wasu makonni, sai su kore ta, su yi fari fat, in zafin ya daɗe su mutu da yunwa. Hakan ya faru a tekunan duniya a 1998 da 2016, kuma a watan Afrilun 2024 masana suka sanar da cewa ya sake faruwa. Duk irin da ya ƙare kafin a bincike shi, ya tafi da sinadaransa.

Mu ba mu da teku, amma muna da irin wannan asara a kusa. Bishiyar da aka saɓule wa ɓawo zagaye guda mutuwa take yi, domin ta cikin ɓawon ne abinci ke sauka daga ganye zuwa saiwa. A duba hano ko maɗaci da ke kusa da gari, a ga yadda aka yi musu. Ga kuma masu gawayi. Sannan duk tsohon da ya rasu ba a rubuta abin da ya sani game da itatuwa ba, an rasa mafarin bincike. Cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja daga irin wannan sani ta fara har ta samar da Niprisan don masu ciwon sikila, kuma cikin abin da aka haɗa shi da su akwai masoro da kanumfari da karan dafi. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano ana koyar da wannan fanni a tsangayar harhaɗa magunguna. Ƙofar shiga ita ce kiredit a Kemistiri da Bayoloji da Fiziks da Lissafi da Turanci.

Gwajin da za a iya yi a aji

A daka ɗanyen ganyen zogale da ɗan sifirit har ruwan ya yi kore sosai. A yanko takardar tacewa mai tsawon yatsa biyu, a ɗiga ruwan kusa da ƙasanta, a bari ya bushe, a maimaita sau biyar a wuri guda. A tsayar da takardar cikin kofin gilashi mai ɗan sifirit, yadda ruwan ba zai taɓa ɗigon ba, a rufe. Bayan kamar rabin awa za a ga koren ya hau sama ya rabu, ruwan ɗorawa ya fito daban. Wannan shi ne mataki na biyar. A yi shi a gaban malami, nesa da wuta, kuma kada a ɗanɗana komai.

Tambayoyin auna fahimta

1. Ta yaya za ka bambanta murjani mai laushi da mai dutse?
2. Kawo ayyuka uku da sinadarai ke yi wa murjani mai laushi.
3. Ƙwayar kabon nawa ke cikin tarfin mai tubali huɗu?
4. Me ya hana elutarobin zama magani da wuri, kuma me aka gano a 2022?
5. Tambayi wani dattijo a unguwarku sunan tsiro ɗaya da dabbobi ba sa ci, da abin da ake yi da shi. Rubuta amsarsa yadda ya faɗa.

A miƙa amsoshi ga sakataren ƙungiyar 'yan jarida kafin ranar Alhamis, da suna da aji. Za mu liƙa amsoshin tambaya ta biyar a fitowa ta gaba, mu fara jerin tsirran Kibiya da su. Muna roƙon malamanmu na kimiyya su duba, in akwai gyara su yi mana. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, amin.